Godiya bayan karayar ɗana

Assalamu alaikum. 'Yan uwa da abokan arziki, yau wata huɗu ke nan da ɗana ya faɗi a kan mashin ya karye wuri biyu a ɓangaren dama: ƙashin da ya taso daga ƙirji zuwa kafaɗa, da ƙashin damtse. Alhamdu lillahi, jiya ya ci tuwo da hannunsa.

Godiyata ta farko ga dattijon mai ɗorin da muka fara kai shi wurinsa. Da ya ga tsintsiyar hannun ta langaɓe, yaron ya kasa ɗaga babban yatsa, sai ya ce mini, "Alhaji, wannan ba aikina ba ne, jijiya ta taɓu, ku wuce asibiti." Ko sisi bai karɓa ba. Har gobe ina jin nauyin mutumin nan.

A Asibitin Ƙashi na Dala, kafin a ɗauki hoto sai da likita ya taɓa bugun jini a wuyan hannun, ya shafa bayan hannun tsakanin babban yatsa da manuniya yana tambayarsa ko yana ji. Ya ce akwai jijiyar da ke zagaya ƙashin damtse ta baya, ita ke ɗaga tsintsiyar hannu da yatsu, kuma yawanci tana farfaɗowa da kanta, sai dai a yi haƙuri. Ba a yi tiyata ba. Na kafaɗar rataye hannu kawai aka yi a wuya, ya haɗe cikin sati takwas, ya bar ɗan tudu da aka ce ba matsala ba ne. Damtsen kuwa filasta aka fara sa masa, bayan sati biyu aka canza da roba mai maɗauri. Ma'aikatan sashen gashi, waɗanda suka yi ta motsa yatsun nan don kada su sandare, Allah Ya saka muku.

Mahaifiyarsa ta sha wahalar da ba ta faɗuwa. Sati uku a zaune yake barci, ita ke gyara masa matasai cikin dare, ita ke sa masa riga ta hannun ciwon tukuna.

Makwabta da kuka kawo abinci, abokansa da kuka riƙa kai shi asibiti, da jama'ar masallacinmu da kuka haɗa mana gudummawa ba tare da mun roƙa ba, Allah Ya biya ku da gidan Aljanna. Waɗanda muka baro a kwance a asibitin, Allah Ya tashi kafaɗunsu.