Takalmin da ya yi ta bin sawuna

Sau ɗaya tak na duba wani takalmi a intanet, amma sai da tallarsa ta shafe kwanaki tana bin sawuna a duk shafin da na buɗe, har abin ya fara ba ni tsoro. Makon jiya na zauna na gyara saitin burauzata ta Firefox, wato manhajar da nake buɗe shafukan intanet da ita: na tsananta kariya daga masu bibiya, na toshe kukis (ƙananan fayilolin da ake gane mai ziyara da su) waɗanda kamfanonin talla ke dasawa ta shafukan wasu, sannan na ɗora uBlock Origin, wata ƙaramar manhaja mai toshe talla. Yanzu shafuka suna buɗewa nan take, data ma tana auki. Shafin bankina ne kaɗai ya yi gardama, sai da na sassauta masa kariyar kafin ya bar ni na shiga.