Fayil ɗin da na rufe da hannuna

Jiya na miƙa makullin ofis, bayan shekara shida a teburin shari'o'in iyali na cibiyar da ke taimaka wa marasa ƙarfin ɗaukar lauya. Cikin duk fayil ɗin da suka ratsa hannuna, guda ɗaya ne har yau yake hana ni barci.

Watana takwas da fara aiki wata mata ta shigo da jariri ɗan wata uku. Ba su yi aure da uban ba, amma bai taɓa musun ɗan ba. Da muka kira shi ya zo da ƙafarsa, ya ɗora yaron a cinya yana wasa da 'yan yatsunsa. Ya ce zai riƙa ba da kuɗin ciyarwa duk ƙarshen wata. Roƙonsa kawai kada a je kotu, kada kuma a sa sunansa a takardar haihuwa tukuna, sai ya shawo kan iyayensa. Ta dube ni ta ce, "Anti, ke me kika gani?" Na ce tunda ya amsa da bakinsa, a bi shi a hankali. Na rubuta "an yi sulhu" a bangon fayil, na rufe.

Wata goma sha huɗu yana biya, sai ya rasu a haɗarin mota. Danginsa suka ce ba su san da wani yaro ba. Muka duba abin da ke hannunmu: takardar haihuwa babu sunan uba, babu takardar amincewa mai sa hannunsa, babu umarnin kotu, kuɗin ma hannu da hannu yake ba ta. Ta fito da sakamakon gwajin DNA da suka taɓa yi a gida, wanda ya nuna shi ne uban. Alƙali bai karɓa ba, kuma yana da hujja. Gwajin da kotu ke amfani da shi sai wani amintacce ya tantance mutum, ya ɗebi samfurin da kansa, ya rufe, an rubuta duk hannun da ya bi har ɗakin gwaji. Na gida kuwa, wa zai rantse yawun wane ne aka aika?

A taron mako, shugabanmu ya ɗaga fayil ɗin a gaban kowa ya ce sakacina ne. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai sa hannunka na nan ƙasan nawa." Bai ko dube ni ba. Shi ne ya koya mana rufe fayil da sulhu, domin yawan waɗanda aka rufe ake kirgawa a rahoton shekara. Laifina na ɗauka, ban kuma taɓa sauke shi ba. Nasa kason har na bar wurin bai amsa ba, abin yana nan a raina.

Sai bayan haka na gane cewa abin da na sa matar nan ta jinkirta ba nata ba ne, na yaron ne. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ce a sashe na 7 a yi wa yaro rajista da zarar an haife shi, kuma yana da haƙƙin sanin iyayensa gwargwadon iko. Sashe na 18 ya ɗora tarbiyyarsa a kan iyayen biyu. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Afirka ta 1990 ma ta fito fili: kada a hana yaro ciyarwa saboda matsayin auren iyayensa. Na karanta duk waɗannan a makaranta, na ci jarrabawa da su, amma ranar da ta tambaye ni fuskar uban na duba.

Daga nan ban sake barin wani uba ya fita ofishina da alkawarin baki ba. An ce ina da tsauri. Cikin shekarun da suka biyo baya, babu fayil ɗina ko ɗaya da aka sake buɗewa don rashin takarda.

Sauran darussan gajeru ne. Iyaye maza ma takarda ce garkuwarsu: a Ingila, tun Disambar 2003, uban da bai auri uwar ba yana samun iko a kan sha'anin ɗansa idan aka yi rajistar haihuwar da sunansa. Mai shakkar ko ɗansa ne kuma kada ya sa hannu a takardar amincewa don kunya, domin a Amurka kwana 60 ne wa'adin janye amincewar cikin sauƙi. Ciyarwa daban, ganin yaro daban, ba a rama ɗaya da ɗaya. Duk kuɗin da aka bayar a samu rasit.

Yaron yanzu ya shiga makaranta. Ƙarar da muka ɗaukaka don a umarci kakansa ya ba da samfuri tana nan ba a yanke ba. Na miƙa fayil ɗin ga wadda ta gaje ni, na rubuta mata lambar wayata a bangon, ƙasan wancan rubutun nawa na farko.