Hannun waye ya taɓa rigar nan?

Mu ƙaramin kamfani ne, riguna masu aikin hannu da duwatsun ado muke ɗinkawa, kuma abin da nake alfahari da shi shi ne ka ɗauko kowace riga tamu zan faɗa maka wanda ya yanka, wanda ya hau keke, da wadda ta zauna ta jera duwatsun ɗaya bayan ɗaya.

Maigidana da ya koya min aiki, Allah ya jiƙansa, baya duban fuskar riga, juya ta yake yi ya duba ciki. Tazarar allura, yadda aka ƙulle zare, inda hannu ya gaji ya fara karkacewa. Wata shida na yi ina farke ɗinkina ina sakewa kafin ya yarda na taɓa kayan kwastoma, lokacin haushi nake ji wallahi, ashe ido yake gina min.

Idon nan ne ya yi min rana. Akwai wanda muke ba kwangilar jera duwatsu, ya sa hannu a takarda cewa babu yaro a aikinsa, sai ga oda ta dawo kwana huɗu kafin lokaci, na juya ciki na ga ƙulli iri uku, wani ma a sake kamar na ɗan koyo. Na je ba sanarwa, ashe ya raba aikin gida-gida, yarinyar da ba ta kai sha biyu ba tana duƙe kan riga da hantsi, lokacin da sa'o'inta ke aji. Ban kore shi ranar ba, don in na janye kawai ita ce za ta fara shan wahala. Muka yi da shi aikin ya koma hannun uwarta a kan kuɗin babba, ita ta koma makaranta. Da ya sake yi muka rabu.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ƙididdigar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNICEF ta ce yara kusan miliyan 138 ne ke irin wannan aiki a 2024, mafi yawansu a gona, kuma ita rigar ai daga gonar auduga ta faro. Shi ya sa nake matsa wa mai kawo yadi sai ya faɗa min masaƙar da ya saro, wasu su ce sirrin kasuwa ne, to riƙe sirrinka in riƙe kuɗina.

Abin da ke min ciwo masu kwaikwayon zanenmu su karyar da farashi, kwastoma ta zo tana nuna min hoto a waya wai can rabin kuɗi ne. Hajiya duwatsun riga ɗaya kwana uku babba ke yi a kansu, waye ya jera miki su a rabin kuɗi? Yanzu kowace riga tamu na fita da kati mai sunan wadda ta yi aikin, in kin zo ki tambaya a kira miki ita ku gaisa.