Waya a jingine, hannu cikin aiki

A watan Afrilu, lokacin da zafin Damagaram ya kai intaha, fankar ɗakina ta daina juyawa sai an tura ta da hannu. Na nemi bidiyon gyara a YouTube, na jingine wayar a jikin kwano, na zauna a kan tabarma da sukudireba.

Abin da na fara lura da shi shi ne, mai koyarwa ya fi mai koyo sauri. Aikin da ya yi cikin daƙiƙa 20 ya ɗauke ni kusan rabin awa, ina tsayar da bidiyon, ina mayar da shi baya da ɗan yatsan da baƙin mai bai taɓa ba. Sai daga baya na gano cewa ana iya rage saurinsa zuwa rabi, kuma wannan ya taimake ni ƙwarai, musamman da yake bayanin da Ingilishi ake yin sa.

Abin da ya fi damuna shi ne bambancin kayan aiki. Wutar gidaje a Amurka volt 120 ce, tamu kuwa 220, amma mai bidiyon ba ya faɗin haka, domin mutanen ƙasarsa yake yi wa magana. Saboda haka na cire abin da ya lalace, na kai shi Kasuwar Dole, na nuna wa wani dattijo mai sayar da kayan wuta. Ya duba lambobin da ke jikinsa, ya ce, "Ɗana, irin wannan za ka saka, kuma ka cire filogi kafin ka taɓa komai."