Kowace cuta fomat: abin da shagon gyaran kwamfuta ya koya min

Akwai wani jan filash da na yi kusan shekara huɗu ina yawo da shi a aljihu, har masallaci da shi nake zuwa, gidan biki ma yana aljihuna saboda ba ka san inda za a ce maka "yauwa ga mai gyara nan, ɗan duba min laftof ɗin nan" ba. Windows 7 ce a ciki da farko, daga baya na mayar da shi Windows 10 bayan ta fito a 2015. A lokacin gani nake duk ilimin kwamfuta yana cikin filash ɗin nan.

A 2012 na fara koyon gyara a wani shago a Beirut Road, Kano. Lokacin har yanzu rabin injinan da ake kawo mana XP ce a kansu, don sai a Afrilun 2014 Microsoft ta daina kula da ita, mutanenmu kuwa ko bayan nan ba su sake ta da wuri ba. Abu na farko da aka koya min bayan share shago da sayo wa Oga abinci shi ne fomat, wato a goge abin da ke cikin kwamfuta a sake sa mata Windows daga farko. Ka shiga BIOS, ka ce ta tashi daga faifai ko filash, ka goge C, wato ɓangaren ma'ajiyar da Windows ke zaune, ka danna gaba gaba gaba, ka zuba direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa sassan injin aiki, ka sa Office da VLC da Smadav da Chrome, shike nan an gama. Cikin sati biyu na iya, kuma daga ranar duk wanda ya shigo ya ce kwamfutarsa tana nauyi, ko tana kashe kanta, ko sauti ya ɗauke, ko ma kawai "ni dai ban gane mata ba kwana biyun nan", amsata guda ce, sai an yi mata fomat. Ko kunna ta ban yi ba nake yanke hukunci.

Kuma fa ba laifina ni kaɗai ba ne, su ma kwastomomin haka suke so. Mutum zai shigo ya ce a sa masa sabuwar windo kamar yadda yake kai mashin ɗinsa juyen baƙin mai, a tunaninsa Windows ma tana tsufa ta yi dauɗa duk bayan wata shida. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki a zamanin XP, inji mai ram (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) 512MB ko 1GB, an cika shi da tarkacen manhajoji da ƙananan sanduna uku huɗu da suka liƙe a saman burauza, kowanne yana tashi tare da kwamfutar, to idan ka share komai dole ta yi gudu. Amma gudun na rashin kaya ne. Ɗaki ne aka fitar da komai daga ciki, dole ya yi faɗi. Da mai ita ya koma gida ya mayar da duk abin da yake kai da, har da maganin bairos guda biyu suna faɗa da juna, bayan wata ɗaya ga shi ya dawo, mu kuma mu sake karɓar kuɗi. Ni a lokacin wannan dawowar ba ta taɓa sa ni tunanin komai ba, kasuwa nake gani.

Wanda ya fara tsayar da ni wani dattijo ne, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya. Ya zo da wata HP a cikin jakar leda ya naɗe ta da ɗankwali, ya ce min "ɗana, nauyi take yi, in na buɗe rubutu sai na sha shayi na gama kafin ya fito". Na ce Baba fomat za a yi, akwai wani abu mai muhimmanci a ciki? Ya ce ba komai sai 'yan rubuce-rubucensa. Na kwashe abin da ke kan fuskar kwamfutar da foldar Documents na zuba a filash, ko minti biyu ba a yi ba, da na zo wajen zaɓen ɓangaren da za a sa Windows sai na ga haddis ɗin, wato ma'ajiyar fayilolin kwamfutar, an raba shi gida uku, na ce wannan wane irin shirme ne, na goge duka na haɗe su wuri ɗaya don aiki ya yi kyau.

Washegari ya dawo, bai ɗaga murya ba, kuma wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ce "ɗana, akwai wani wuri da jikana ya buɗe min, D ake ce masa, ban gan shi ba". A nan ne yake ajiye tarihin gidansu da ya shekara kusan biyar yana bugawa da yatsa biyu, da hotunan aikin hajjinsa, da na marigayiya matarsa. Shi da na ce fomat, ya ɗauka wani irin wanki ne ake yi wa inji. Ban yi masa bayani ba saboda ni ma ban taɓa tsayawa na ga cewa kalmar nan ba kowa ya san me take nufi ba.

Kwana biyu muka yi ni da Oga muna bi da Recuva da wata manhajar tono fayiloli. Abin da na koya a kwana biyun nan ya fi na shekara guda. Fomat na gaggawa ba ya share ainihin bayanan, jerin sunayen kawai yake gogewa, kamar ka yaga shafin farko na littafi mai nuna inda kowane babi yake, babin yana nan har sai an rubuta wani abu a kansa. Matsalar ita ce ni na riga na rubuta, na zuba Windows da Office da direbobi a kai. Mun samo hotuna da yawa amma babu suna babu tsari, wasu rabi ne sauran rabin toka-toka, rubutun kuwa wani tsohon kwafi muka samu wanda ya rasa aikin fiye da shekara ɗaya. Ya karɓa ya ce Allah ya yi albarka. Garin gyaran gira na tsone masa ido kuma yana sa min albarka.

Abin bai ƙare a nan ba. Bayan sati biyu ya sake dawowa, nauyin yana nan yadda yake. A nan ne Oga ya ture ni gefe ya sa CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar haddis, sai ga alamar gargaɗi ruwan ɗorawa ta fito. Ashe kowane haddis yana riƙe da rahoton lafiyar kansa, SMART ake ce masa, yana ƙirga wuraren da suka lalace a jikinsa da awannin da ya yi yana aiki. Na Baba mutuwa yake yi a hankali, shi ya sa buɗe fayil ɗaya yake ɗaukar lokacin shan shayi, yana ta ƙoƙarin karanta wuri ɗaya sau da yawa. Windows ba ta da laifin komai. Binciken minti ɗaya ne da zai nuna min haka tun ranar farko, kuma da na gani da abin da zan fara yi shi ne kwashe komai nasa zuwa wani haddis tun kafin ya ƙarasa. Oga ya kalle ni ya ce "kai likitan da ke yi wa mai ciwon haƙori aski ne". Na so in ce masa ai kai ka koya min askin, amma na yi shiru, yaron shago ba ya wannan maganar.

Daga nan na fara lura, sai na ga yawancin abin da nake yi wa fomat ba ruwansa da Windows. Akwai wata kwamfutar tebur ta wani mai shagon buga takardu da na yi wa fomat har sau biyu saboda burauza tana ƙin buɗe shafuka tana cewa haɗin ba amintacce ba ne. Ashe ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo da ke kan allon uwa, CR2032, ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta agogon injin sai ya koma shekarun baya, shafukan intanet kuma ba sa yarda da kwamfutar da kwanan watanta bai yi daidai da takardar shaidarsu ba. Batirin da kuɗinsa bai kai na faranti ɗaya na shinkafa da wake ba.

Sai ƙura. Duk wanda ya yi hunturu a Kano ya san abin da nake nufi, ka buɗe laftof ka tarar ƙura ta yi kamar auduga ta toshe bakin fanka, ga mai ita kullum a kan katifa yake ɗora ta. In ta yi zafi kwakwalwar injin da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, in abin ya yi yawa ta kashe kanta. Na taɓa samun wadda ta mutu a tsakiyar fomat ɗin ma, na sake farawa ta sake mutuwa, sai a karo na uku hannuna ya taɓa gindinta na ji kamar dutsen guga. Burushi da iska da sabon man sanyaya kwakwalwa, ta dawo garau.

Bairos ɗin shotkat kuwa shi ne ya fi cinye mana lokaci a shekarun nan, wanda za ka sa filash ka ga duk foldojinka sun koma 'yan gajerun hanyoyi masu kibiya. Ɗalibai suna zuwa da kuka wai furojet ya tafi. Bai tafi ko'ina ba, ɓoye shi aka yi, layi ɗaya na attrib a baƙin allon umarni yana fito da komai, sai ka bi ka kashe abin da ke tashi da injin yana sake haifar da shi. In ka yi fomat ka bar filash ɗin yadda yake, ko mai shi ya koma shagon da ya kwaso cutar ya buga takarda, kafin magariba ta dawo. An kashe maciji ba a sare kai ba.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani. Laftof ɗin tokumbo da yawa, irin su EliteBook da Latitude, suna zuwa da lasisin Windows na gaske, tun daga Windows 8 ma lambar a cikin allon injin ake dasa ta. Mu kuma sai mu goge mu sa wata kwafin da ba mu san wanda ya taɓa ta ba, mu bi ta da manhajar fasa lasisi wadda sai ka kashe maganin bairos kafin ta yi aiki, wato mun karɓi kuɗin mutum mun cire masa halal mun sa masa abin da ba mu san me ke cikinsa ba. Ga datar da zai ƙona wajen sabuntawa daga farko, ga firinta da za ta daina aiki sai an nemo direbanta, ga kalmomin sirrin da burauza ta riƙe masa shekara da shekaru shi kuma bai haddace ko ɗaya ba. Yanzu ma abin ya ƙara haɗari, sababbin injina da yawa suna zuwa da BitLocker, wato makullin da ke kulle duk bayanan cikin injin, a kunne mai su bai sani ba, in ka taɓa abin da bai kamata ba sai ta nemi mabuɗi mai lambobi 48, in babu shi a asusun Microsoft ɗin mutum ko wani wurin da aka ajiye shi to ko kai waye ba ka isa ka buɗe ba. SSD kuma, wato sabuwar ma'ajiya mai sauri, ba kamar tsohon haddis ba ne, abin da aka goge yakan tafi da gaske, tonon da muka yi wa Baba ba lallai ya yi aiki a kansa ba.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne tawa laftof ɗin. Ba ta da ciwon komai amma duk bayan wata biyu ko uku sai na zauna daren Asabar na yi mata fomat, in kwana ina sa manhajoji ina gyara hoton fuska, ina jin daɗi kamar wanda ya yi sabon ɗinki. Sai daga baya na lura cewa yawanci ina yin haka ne idan akwai wani karatu ko aiki mai wuya da nake gudu. Fomat aiki ne da hannu ya saba, ba ya buƙatar tunani, kuma a ƙarshe kana jin ka yi wani abu. A shago ma haka ne, in na ce fomat ba sai na ce "ban sani ba, bari in bincika" a gaban kwastoma ba.

Ba wai na daina gaba ɗaya ba. In mutum ya sayi inji na hannu ni da kaina nake ce masa a share, ba ka san me tsohon mai shi ya bari ba. In irin bairos ɗin nan ne mai kulle fayiloli yana neman kuɗin fansa, ko Windows ɗin da aka riga aka yi wa fashe-fashe har ba a gane kanta, babu wani lallami. Ga kuma Windows 10 da tallafinta ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, masu injin da zai iya ɗaukar Windows 11 dole wata rana su matsa. Amma yanzu kafin in taɓa filash sai na tambayi mutum yaushe abin ya fara, me ya sa ko ya cire kafin nan, ta taɓa faɗuwa, a ina yake ajiye kayansa, in ce ya nuna min da hannunsa. In buɗe Task Manager in ga wa ke cin ram, in duba lafiyar haddis, in saurari fanka. Sau da yawa inji mai ram 4GB ne da tsohon haddis ake so ya ɗauki shafukan Chrome ashirin, wannan ko sau goma ka yi masa fomat sai dai a ƙara ram a sa SSD.

Matsalar kawai, wannan hanyar ba ta da farin jini wajen biya. Satin da ya wuce wani Alhaji ya kawo Dell yana cewa a sa masa sabuwar windo, yaron da ke koyo a wajena har ya zaro filash, na ce ya dakata. Manhajoji goma sha ɗaya ne ke tashi tare da injin, na kashe takwas, na cire maganin bairos ɗaya cikin biyun da ke kai, na busa fanka, minti ashirin ta dawo daidai kuma ko fayil ɗaya bai motsa ba. Na faɗa masa kuɗin, sai ya kalle ni ya kalli laftof ɗin ya ce "haba malam, to ai ba ka yi mata komai ba". Rabin kuɗin fomat ya ajiye a kan tebur ya ɗauki kayarsa, yaron nawa kuma yana gefe yana juya filash a hannu yana kallona.