Taswirar da na tsinta a adakar kakanmu

Ni fa wannan harkar ta tara tsofaffin taswirorin birnin Kano ba da niyya na faɗa cikinta ba. Bayan rasuwar kakanmu, Allah ya jiƙansa, muna kwashe kayan ɗakinsa a ƙauyenmu nan gefen Ringim sai ga wata takarda can ƙasan adaka an ninke ta gida takwas. Tsoho da can harkar gyaɗa yake, yakan bi jirgin ƙasan Nguru ya shiga birni, ashe a can ya samo ta. Ina warewa na ga badala ta zagaye gari tsaf, ga Dala ga Goron Dutse, ga Fagge da Sabon Gari a waje, amma wallahi daidai inda ake rubuta shekara nan gara ta cinye.

Abin ya tsaya mun a rai sosai. Da farko tsofaffi na dinga bi da tambaya, kowa da abin da zai ce, sai daga baya na gane ai takardar da kanta tana faɗin shekarunta in ka iya dubawa. A bayanta kuɗin da sule aka rubuta, kaga kenan kafin Janairun 1973 da naira ta shigo. A gefe an sa Jihar Arewa da turanci, to kafin 1967 kenan da Gowon ya yanka jihohi 12 aka samu jihar Kano. Sannan ga kwalejin Abdullahi Bayero, sunan da ba a sa mata ba sai 1962. Shikenan na matse ta tsakanin 1962 da 1967, ranar ko barcin kirki ban yi ba don murna.

Yanzu guda tara gare ni, kuma an taɓa yi mun sakiyar da ba ruwa. Wani mai tsofaffin littattafai a birni ya rantse mun cewa tasa tun zamanin Turawa ce, ta yi ja ta yi laushi kamar gaske, na biya ban ko taya ba, sai da na dawo gida na shimfiɗa ta a tabarma na ga titin Murtala Mohammed ɓaro-ɓaro a jiki, mutumin da a 1976 aka kashe shi. Tun daga nan na daina kallon kalar takarda, sunaye nake bi. In filin jirgi na ɗauke da sunan Malam Aminu Kano to bayan 1983 ne, in an rubuta Jami'ar Bayero to daga 1977 zuwa sama, in kuma ɗan ƙaramin zanen jiha na gefe ya haɗa da Haɗeja da Gumel da Kazaure, ba a kai 1991 da aka cire mu aka yi Jigawa ba.

Amma fa a kula, abin da ka gani a jiki shi ne hujja, abin da baka gani ba baya tabbatar da komai, don masu bugawa sukan ɗauko tsohon zane su canza suna ɗaya biyu su sa sabon bango. Sai ka ga taswira ɗaya da shekaru biyu, na zane daban na bugu daban.

Ajiya kuwa, kar wanda ya sa salatif, na liƙa wa guda ɗaya ya bar mata tabo ruwan ƙasa har yau ina takaici. Tsakanin kwali biyu nake sa su a miƙe, sama da ƙasa saboda gara da danshin damina.

Rannan na kai ta kakan tamu majalisa, wani dattijo abokinsa da bai yi boko ba ya ce in nuna masa tashar jirgi kawai. Na ɗora masa yatsa a kai, shi kuma ya ja a hankali yana cewa yaro nan muke sauka, nan dalar gyaɗa take, nan kuma muke bi mu shiga Kurmi ta Ƙofar Mata.