Ƙafar mai ciwon suga in ta daina zugi, a duba ta

Masu ciwon suga da yawa in ka zauna da su ƙorafin iri ɗaya ne, tafin ƙafa na zugi da daddare, wani ya ce kamar an zuba masa barkono, wani ya ce minjirya ce ta ƙi sakinsa, wani ko mayafi ya taɓa yatsun sai ya zabura. Mu kuma na gida sai mu ce sanyi ne, a siyo man zafi a kemis a shafa, in abun ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a fara zancen ko ya taka wani abu a hanya. Alhali jijiyoyin da ke kai saƙon ji daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa ne sugan ke lalatawa a hankali, kuma kusan rabin masu ciwon suga sai sun gamu da wannan matsalar.

Yana da yadda ake gane shi fa. Daga yatsun ƙafa yake farawa, ƙafa biyun tare, saboda jijiyoyin da suka fi tsawo a jiki su suke fara galabaita, sai ya riƙa hawa sama sannu a hankali, in ya doshi gwiwa sannan yatsun hannu su ma su ɗauka.

Toh amma abun da ya fi tayar min da hankali shi ne lokacin da zugin ya lafa. Mutum ya yi ta hamdala wai ya samu sauƙi, nan kuwa wani lokacin jijiyar ce ta gama mutuwa, ƙafar ta daina ji gaba ɗaya. Akwai wani kawuna da haka ta faru da shi, silifas ɗinsa sai ya zame a hanya ya yi taku da yawa bai sani ba sai yara sun biyo shi da shi, ba wanda ya ɗauki abun da muhimmanci, har ran da salansar babur ta ƙona masa ƙauri, fata ta saluɓe, shi kuwa wallahi bai ji komai ba sai da matarsa ta ga wando ya manne da ciwon. Irin wannan ciwon ne yake zama gyambo, ya ƙi warkewa, a ƙarshe a ji likita na maganar yanke ƙafa.

Akwai gwajin da za a iya yi a gida ba ko sisi. Mai ciwon sugan ya kwanta ya rufe ido, wani ya taɓa masa kan babban yatsa da na tsakiya da ƙaramin a kowace ƙafa, taɓawa mara nauyi ta daƙiƙa 1 zuwa 2, kar a danna. In a cikin guda 6 ɗin nan akwai 2 ko fiye da bai ji ba, a tafi asibiti. Can suna da wani siririn zaren roba mai auna nauyin giram 10 da suke gwadawa da shi, kuma ƙa'ida ita ce a duba ƙafar mai suga duk shekara, in ba a duba ba dan Allah ku cire takalmin da kanku ku ce likita a duba min.

Mu da muke alwala kullum ai mun samu dama, kana wanke ƙafa ka leƙa tsakanin yatsu da diddige, ka tsane ruwan sosai. Lokacin hunturu faso na buɗe ƙofar ciwo, a shafa mai amma banda tsakanin yatsu, kar a miƙe ƙafa gaban kaskon wuta, ruwan zafi kuma a gwada shi da gwiwar hannu tukuna. A zazzage takalmi kafin a sa, a daina yawo ba takalmi ko a tsakar gida, masu yankan farce na bakin titi da reza ma a haƙura da su.

Ba suga kaɗai ke jawo lalacewar jijiya ba. Maganin suga na metformin in an daɗe ana sha yana iya rage bitamin B12 da jijiya ke buƙata, isoniazid na tarin fuka shi ma yana taɓa jijiya shi ya sa ake haɗawa da B6, kar wanda ya ajiye maganinsa da kansa, a dai faɗa wa likita. Tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓawa kuma yana iya zama farkon kuturta, tana warkewa da maganin wata 6 ko 12 kuma kyauta ake bayarwa.

Wanda kuwa ƙafafunsa suka saki cikin 'yan kwanaki kasalar na hawa sama, ko tsakanin cinyoyinsa ya daina ji fitsari ya ƙi fita, ko ɓari ɗaya ya saki farat ɗaya baki ya karkace, wannan ba a jira gari ya waye, a nemi mota a kai shi asibiti a lokacin.